TSUTSAR SILIKI: TA GIDA DA TA DAJINMU

Gabatarwa

Idan aka ce tsamiya, abin da yake fara zuwa wa yawancinmu a rai shi ne itacen nan mai 'ya'ya masu tsami da ake kunu da su. Amma tsofaffin maɗinka na Zariya da Kano sun san wata tsamiyar dabam. Ita wannan zare ce mai ƙwari, wadda ake yi wa manyan riguna aiki da ita. Ba daga auduga take fitowa ba. Tsutsa ce take saƙa ta a daji, a kan itatuwa irin waɗanda suka cika dajin Birnin Gwari.

A Turai da Amurka kuwa akwai mutanen da suke kiwon tsutsar siliki a cikin kwali, ba domin zare ba, sai domin su ciyar da hawainiya da ƙadangarun da suke ajiyewa a gida don sha'awa. Ɗalibin da ya ji wannan yana iya cewa a ransa, “Ai mu muna da tamu a daji kyauta, sai in ɗebo in ba hawainiyata.” A nan ne haɗarin yake. Sunan ne ɗaya, amma tsutsotsin biyu ne. Darasinmu zai nuna yadda ake kiwon ta gida a ciyar da dabba da ita, sa'an nan ya nuna dalilin da ya sa ta daji amfaninta yana ga zarenta, ba ga cikin dabba ba.

1. Tsutsar Gida Da Asalinta

Masana suna kiran tsutsar gida Bombyx mori. Mutanen ƙasar Sin ne suka fara kiwonta, kimanin shekara 5,000 da suka wuce, suka kuma daɗe suna ɓoye asirinta. Masu tarihi sun rubuta cewa wajen shekara ta 552 ne waɗansu sufaye suka kai ƙwanta a ɓoye zuwa ga Sarki Jastiniyan a birnin da yanzu ake kira Istanbul. Daga nan kiwonta ya bazu har Italiya da Faransa. Ƙasar Sin ce kan gaba wajen yin siliki a duniya, Indiya tana bi mata.

Zarenta ya riga ta isowa ƙasar Hausa. Shi ne alharinin nan da fatake suke ketaro hamada da shi. Sa'ad da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana shigo da shi daga Tarabulus, rinanne. A Nijeriya an yi aikin kiwon tsutsar kanta a cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa da ke Ibadan, da kuma Ado-Ekiti.

Saboda daɗewarta a hannun mutum, wannan tsutsa ta zama kamar kazar gida. Ba ta gudu daga faifan da aka sa ta, ba ta cizo, ba ta da gashi mai ƙaiƙayi, ba ta kuwa iya rayuwa a daji. Abincinta ɗaya ne, watau ganyen malberi, wani itace mai faɗin ganye da ƙananan 'ya'ya masu zaƙi, wanda ake gani a lambuna.

2. Matakan Rayuwarta

Rayuwarta mataki huɗu ce, kuma dukansu ba su wuce wata biyu ba.

(a) Ƙwai. Bai fi kan allura girma ba. Idan da ɗumi daidai, yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 10 zuwa 12. Akwai irin ƙasashen sanyi wanda ƙwansa yake barci, ba ya ƙyanƙyashewa sai ya sha sanyi na watanni. Irin ƙasashen zafi shi ne ya dace da mu.

(b) Tsutsa. Takan fito baƙa, siririya kamar tururuwa, tsawonta milimita 3. Ba ta da aiki sai ci. Cikin mako huɗu ko ɗan fiye takan kai santimita 7 zuwa 8, fara sol, nauyinta ya ninka kusan sau 10,000. Da yake fatarta ba ta miƙewa, sai ta yi saɓa sau huɗu kamar yadda maciji yake yi.

(c) Ɗakin zare. Idan ta gama girma sai ta daina ci, ta nemi lungu, ta kewaye kanta da zaren da yake fitowa daga bakinta. Aikin yakan ɗauke ta kwana biyu zuwa uku. Zaren sili ɗaya ne bai tsinke ba, tsawonsa daga mita 300 zuwa 900.

(d) Malam-buɗe-littafi. Bayan kamar mako biyu sai ya huda ɗakin ya fito. Fari ne, ba ya tashi, ba ya ci. Macen takan saka ƙwai 300 zuwa 500, bayan 'yan kwanaki su mutu, ita da namijin.

3. Yadda Ake Kiwonta

Kafin a nemi ƙwai, a fara da itace. Wanda ya sayo tsutsa ba shi da malberi, daidai yake da wanda ya sayo doki ba shi da harawa. Malberi yana kamawa daga yankan reshe. A yanki reshe mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya, a dasa da farkon damina. Idan ya sami taki da ruwa, bayan kamar wata shida za a fara tsinkar ganye. A ƙasashen da malberi yake kakkaɓe ganye da sanyi, masu kiwo sukan sayi garin busasshen ganyen, su dama da ruwa su dafa ya yi kauri kamar tuwo, su riƙa yanka wa tsutsotsin. Mu da muke iya yin ban ruwa da rani ba mu da wannan larura.

Ga ƙa'idodin da za a kiyaye:

Wurin zama. Faifai, ko tire, ko kwali mai faɗi ya isa. A shimfiɗa takarda mai tsabta a ƙasa. A ɗora bisa tebur a ɗaki mai shan iska, inda rana ba ta bugawa. A sa ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa domin tururuwa da cinnaka, a kuma rufe da raga domin ɓera da tsaka da ƙuda.

Zafi da laima. Ta fi son zafin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin santigireti. Idan ya haura 30 sai ciwo ya yawaita. Saboda haka bazarar Maris da Afrilu ba lokacin kiwo ba ce a ƙasarmu. Da hunturu kuwa iska takan busar da ganye kafin a ci, sai a rataya jiƙaƙƙen buhu kusa da teburin. Ƙarshen damina da kaka sun fi sauƙi ga mai koyo.

Ciyarwa. A ba su ganye sau uku ko huɗu a yini. Ƙanana suna bukatar ganye mai taushi na kan reshe, a yayyanka shi ƙanana kamar za a yi miya. Manya suna cin ganye sukutum. A tsinko da sassafe ko da yamma, a ajiye cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. Amma kada a ba su ganye mai ruwa a jikinsa, ko na raɓa ko na sama, sai an bari ya tsane. A lura kuma, fiye da kashi uku cikin huɗu na dukan ganyen da tsutsa za ta ci a rayuwarta, a makon ƙarshe take cinsa. Mutane da yawa a nan ganye yake yanke musu.

Lokacin saɓa. Idan aka ga tsutsa ta tsaya cik, ta ɗaga kai sama, ta ƙi ci, ba ciwo ba ne, saɓa za ta yi. A bar ta kamar yini ɗaya, kada a taɓa ta, kada a tula mata ganye.

Tsabta. A kwashe kashi da ragowar ganye kullum. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗora raga mai manyan idanu a kansu, a zuba sabon ganye a bisa. Za su hauro da kansu, sai a ɗauke ragar a share ƙasa. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa su. Duk wadda ta yi laushi, ko ta yi baƙi, ko take wari, a cire ta nan take a binne. Ciwon tsutsa ba abin wasa ba ne. A ƙarni na 19 wata annoba ta kusan kashe sana'ar siliki a Faransa, har aka aiki Louis Pasteur kudancin ƙasar a 1865. Maganin da ya samo shi ne a duba uwar da madubin likita, a zubar da ƙwan duk wadda aka ga tana da cutar.

Guba. Maganin ƙwari kowane iri yana kashe ta, ko na feshi a gona, ko na sauro mai hayaƙi a ɗaki. Hayaƙin taba ma haka. Kada a tsinki ganye a gefen gonar da aka yi wa feshi.

Iri. Kada a ciyar da su duka. A ware kamar 20 masu ƙoshin lafiya, a sa musu kwalin ƙwai ko busassun rassa su yi ɗaki, domin a sami ƙwan zagaye na gaba.

4. Ciyar Da Dabbobi Masu Rarrafe

Me ya sa masu ajiye waɗannan dabbobi suke son wannan tsutsa? Jikinta taushi ne da shi, ba ta da ɓawo mai tauri irin na fara ko gyare, saboda haka tana da sauƙin narkewa. Tana da ruwa da yawa, kitsenta kaɗan ne. Ba ta tsalle, ba ta ɓuya, ba ta cizon dabbar da aka ba. Mai kiwon kuma ya san abin da ta ci tun daga ranar da ta fito.

Amma ba kowane mai rarrafe ne yake cinta ba. Hawainiya da ƙadangare da tsaka da kulɓa masu cin ƙwari ne, ta dace da su. Damo yana ci, sai dai babban damo yana bukatar abin da ya fi ta, kamar fara da katantanwa. Babban kunkurun nan na tudu kuwa ciyawa ce abincinsa, ba ruwansa da tsutsa.

Ga abubuwa huɗu da za a riƙe:

Na ɗaya, girman tsutsa kada ya fi faɗin kan dabbar. Ƙaramar hawainiya, ƙaramar tsutsa.

Na biyu, kada ta zama ita kaɗai ce abinci. A riƙa haɗawa da fara da gyare da gara daga wurin da ba a yi feshi ba.

Na uku, ƙwari ba su da isasshen sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi. A dafa ɓawon ƙwai, a shanya, a niƙa ya yi laushi, a riƙa barbaɗa kaɗan a jikin tsutsar. Jikin dabbar kuma ba ya iya amfani da kalsiyam sai da hasken rana na kai tsaye, gama gilashin taga yana tare ɓangaren hasken da ake bukata. Dabbar da ta rasa waɗannan biyu, muƙamuƙinta yakan yi laushi, ƙafafunta su karkace. A sa kejinta inda hantsi yake samunsa, amma da inuwar da za ta fake.

Na huɗu, ruwa. Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare yake shan ruwan kasko, to, hawainiya ba ta cikin wannan albarka. Ita ɗigon ruwa take lasa a kan ganye, saboda haka sai a riƙa yayyafa wa ganyen kejinta ruwa safe da yamma.

Ya kamata kuma a san cewa hawainiya da damo da guza suna cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta sa wa ido, ba a fitar da su ƙasar waje sai da takardar izini. Idan an kawo hawainiya ɗakin kimiyya domin nazari, abin da ya fi shi ne a mai da ita inda aka same ta bayan 'yan kwanaki. Ba ta da dafi, kuma aikin da take yi na cinye ƙwari a gona ya fi zamanta a keji amfani.

5. Tsutsar Dajinmu

Yanzu sai mu dawo gida. Gandun dajin Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari an keɓe shi tun 1936 a ƙarƙashin En'e, a 1999 kuma ya zama gandun daji na ƙasa. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,120 ne. Doka tana cikin itatuwan da suka fi yawa a cikinsa, ga kuma maje da taura da baushe da kaɗanya. Irin wannan daji shi ne gidan tsutsar tsamiya.

Masana suna kiran danginta Anaphe. Hausawa kuwa da sunan itacen da take ci suke rarrabe ta, shi ya sa ake cewa tsamiyar doka. Wannan ta doka, Turawa sun laƙaba mata sunan Alfred Moloney, wani gwamnan Legas na zamanin mulkin mallaka.

Halinta ya sha bamban da na 'yar'uwarta ta gida. Jikinta gashi ne, mai sa ƙaiƙayi kamar ƙaiƙayin gero. Da damina take fitowa. Ba ta zama ita kaɗai, a ayari suke tafiya, wannan na bin wannan, su cinye ganyen reshe su koma wani. Wajen saƙa ma gayya suke yi. Waɗansu iri sukan haɗu su saƙa babbar jaka ɗaya, kowace ta yi ɗakinta a ciki. Waɗansu kuma sukan jera ɗakunansu manne da juna a jikin itace.

Da yake zaren a cukurkuɗe yake, ba ya warwaruwa sili ɗaya kamar na gida. Sai a dafa shi cikin ruwan toka har danƙon da ya riƙe shi ya narke, a wanke, a shanya, a tsefe shi da hannu, sa'an nan mata su kaɗa shi da mazari kamar auduga. Launinsa daga fari-fari ne zuwa ruwan ƙasa, ta doka ta fi haske. Da shi ake yin aska biyu da aska takwas a gaban babbar riga. Nufawa a Bida sun yi aiki da shi, Yarabawa kuma suna saƙa tufar da suke kira sanyan, wadda take cikin tufafinsu mafi daraja.

6. Dalilin Da Ya Sa Ba A Ba Dabba Ita

Dalili na fari shi ne gashin, gama yana iya sa kumburi a baki da maƙogwaron dabba. Na biyu ya fi wannan nauyi, kuma a kan mutane aka gano shi.

A ƙasar Ijesha da ke kudu maso yammacin Nijeriya an daɗe ana fama da wani ciwo mai zuwa da damina. Mutum yana zaune lafiya, bayan ya ci abinci sai jiki ya kama rawa, ya tashi yana tangaɗi, magana ta sarƙe. Likitoci a Ilesha sun rubuta labarinsa tun 1958, ana zaton ciwon ƙwaƙwalwa ne. A 1993 wani likitan jijiyoyi ɗan Nijeriya, Bola Adamolekun, ya nuna cewa ciwon yana zuwa ne daidai lokacin da ake cin wata tsutsar siliki ta daji mai suna Anaphe venata, wadda ake sayarwa a kasuwa. A shekara ta 2000 masu bincike daga Japan suka tabbatar da cewa akwai wani sinadari a jikin tsutsar mai lalata bitamin B1, kuma yana da jure zafin wuta. Mutumin da abincinsa rogo ne da doya, wanda dama bitamin ɗin bai ishe shi ba, da ya ci sai ɗan abin da ya rage ya ƙare. Idan aka ba shi bitamin B1 sai ya warware.

Masu rarrafe ma suna bukatar wannan bitamin. Likitocin dabbobi sun san irin wannan rawar jiki da tangaɗi a macizan da ake ciyar da su da kifi mai ɗauke da sinadarin. Waccan tsutsa ta kurmin kudu ce, tamu ta doka ce, amma danginsu ɗaya, mai hankali kuwa ba ya gwaji da ran abin da yake kiwo. Binciken ya sami sinadarin a jikin tsutsar gida ma, amma ƙasa da na ta daji ƙwarai. Wannan ƙarin dalili ne na haɗa ta da waɗansu ƙwari, kamar yadda muka faɗa a sama.

7. Ba Itace, Ba Tsutsa

Abu ɗaya ya haɗa tsutsotsin nan biyu: kowace ranta yana rataye ne a ganye. Ta gida mai ita ne yake dasa mata malberi. Ta daji ba mai dasa mata. Duk dokar da aka sare aka yi gawayi, da duk gobarar dajin da ta bi ta lashe jakunkunan zare da rani, ragi ne a zuriyarta. Zaren kanti mai arha kuma ya karɓe wurinta a hannun maɗinka da yawa, har yara suna tasowa ba su san sunanta ba.

Akwai wani abin lura a nan. Masu warware silikin gida dole su kashe abin da ke cikin ɗakin kafin ya huda shi, in ba haka ba zaren ya tsittsinke. Tsamiya kuwa da yake kaɗa ta ake yi, huda ba ta rage ta da kome. Ashe ana iya jira malam-buɗe-littafin ya fita ya saka ƙwansa, sa'an nan a ɗauki jakar. An sami zare, an kuma bar iri.

Gargaɗi ga ɗalibai: wannan darasi ba izinin shiga daji ba ne. Doka ta hana ɗaukar kome daga gandun Kamuku ba da izini ba. Dukanmu kuma mun san wahalar da 'yan bindiga suka jawo wa wannan ƙasa tun daga shekarun 2010. An ƙulla sulhu a ƙarshen 2024, duk da haka kada wani ya nufi daji sai da sanin iyaye da malamai. Binciken da ya fi sauƙi yana cikin gida. A tambayi kakanni da tsofaffin maɗinka da mata masu kaɗi abin da suka sani game da tsamiya, a rubuta kafin ya ɓace.

Kammalawa

Wanda yake so ya yi kiwon tsutsa domin ciyar da dabba, ya dasa malberi, ya nemi ƙwan tsutsar gida, ya riƙe tsabta, ya kuma haɗa ta da waɗansu ƙwari da kalsiyam da hasken rana. Tsutsar doka kuwa a bar ta a kan itacenta ta gama aikinta. Layi biyu na malberi a gonar makaranta da kwali ɗaya a ɗakin kimiyya sun isa aji guda ya ga dukan matakan nan huɗu da idonsa cikin zango ɗaya.

Tambayoyin Bita

1. Kawo matakai huɗu na rayuwar tsutsar gida, da tsawon lokacin uku na farko.
2. Ta yaya za ka bambanta tsutsar da za ta yi saɓa da mai ciwo?
3. Don me ake barbaɗa garin ɓawon ƙwai a jikin tsutsa kafin a ba hawainiya?
4. Bayyana yadda ake mai da jakar tsamiya ta zama zare.
5. Kawo dalilai biyu da suka sa ba a ciyar da dabba da tsutsar daji.